Kuɗin Nakasa na Tsofaffin Sojojin Amurka: Tambayoyi da Amsoshi

Akwai 'yan Najeriya da Nijar da Gana da suka yi aikin soja a Amurka. Wasu suna can har yanzu, wasu sun dawo gida da ciwon baya, ko kukan kunne, ko baccin da ya ƙi zuwa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi maimaituwa a bakinsu da bakin iyalansu. Mun yi magana da "kai" don sauƙi, amma ƙa'idar ɗaya ce ga mace da namiji. Alƙaluman kuɗin da muka kawo na jadawalin da ya fara aiki ranar 1 ga Disamba 2024 ne, kuma duk Disamba akan sabunta shi gwargwadon tsadar rayuwa.

1. Mene ne kuɗin nakasa, kuma wa ke biyan sa?

Kuɗi ne da Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji ta Amurka, wadda kowa ke kira VA, take biya duk wata ga wanda aikin soja ya jawo masa ciwo ko rauni, ko ya tsananta masa wanda yake da shi. Ba a cire masa haraji, kuma ba a duba albashinka ko dukiyarka kafin a ba ka. Ba sadaka ba ce, diyya ce ta abin da ciwon ya rage maka na ƙarfin neman abinci. Kada a haɗa shi da fanshon VA na masu ƙaramin ƙarfi, wanda shi ake duba samun mutum kuma yake da fom ɗinsa dabam.

2. Wa ya cancanta? Ni ban zama ɗan ƙasa ba.

Takardar zama ɗan ƙasa ba ta cikin sharuɗɗa. Abin da ake dubawa shi ne ka yi aikin soja na dindindin, ko ka ji ciwon a lokacin atisayen dakarun ko-ta-kwana, sannan a duba irin sallamar da aka yi maka. Wannan yana rubuce a takardar sallama, DD214. Sallamar girmamawa da sallama ta gama-gari duk suna wucewa. Korar wulaƙanci daga babbar kotun soja tana rufe ƙofa.

Wanda sallamarsa ta faɗa tsakanin waɗannan biyun kada ya yanke wa kansa hukunci. Ya shigar da buƙata, VA za ta yi nata binciken kan yanayin sallamar. Yana kuma iya neman rundunarsa ta gyara takardar da fom DD 293 idan ba a wuce shekara 15 ba, ko DD 149 idan an wuce. Ba sai mutum ya je fagen daga ba. Gwiwar da ta goce a wasan ƙwallo cikin bariki ana lissafa ta, muddin ba ganganci ko maye ne ya jawo ba.

3. Me VA ke so ta gani kafin ta amince?

Duwatsun murhu uku ne, in babu ɗaya tukunya ba ta zama. Na farko, ciwon da kake da shi yanzu, wanda likita ya gani ya rubuta. Na biyu, abin da ya faru lokacin aiki: faɗuwa, fashewar bam, shekaru ana ɗaukar kaya a baya, ƙarar injin jirgi. Na uku, alaƙar da ta haɗa biyun, wato ra'ayin likita cewa wancan ne ya haifi wannan.

A dutse na uku yawancin buƙatu ke kifewa. Doka ba ta ce sai likita ya rantse ba. Ya isa ya rubuta cewa yiwuwar alaƙar ta kai rabi da rabi, domin idan hujjoji suka yi kunnen doki, tsohon soja ake ba gaskiya. Amma "wataƙila" da "mai yiwuwa" ba sa ɗaukar nauyi. Wasiƙar likita mai amfani tana nuna ya karanta fayil ɗinka na soja, ta ambaci kwanan watan abin da ya faru, ta kuma faɗi dalilin likitanci da ya sa ya ga alaƙar. Akwai cututtukan da ba a neman wannan dutse na uku a kansu. Duba tambaya ta 11.

4. Ban taɓa zuwa asibitin bariki ba, daurewa na yi ta yi. Shi ke nan na yi asara?

A'a, sai dai aikinka ya ƙaru. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma doka ta yarda mutum ya ba da shaida kan abin da ya ji a jikinsa. Rubuta bayaninka a fom 21-4138: yaushe, a ina, me kake yi, wa ke wurin, yaya ciwon ya ci gaba daga ranar zuwa yau. Abokin aikin da ya gani, ko matarka, ko ɗan'uwan da kuka zauna gida ɗaya, su cika fom 21-10210.

Shaida mai kyau ba ta yabo, ba ta kuma yin aikin likita. "Mutumin kirki ne, yana shan wahala" ba ta ƙara komai. Wadda ke aiki ita ce irin wannan: "Kafin ya tafi yana sallarsa a tsaye. Tun da ya dawo a kan kujera yake yi, ba ya iya ruku'u, kuma ni nake sa masa safa da safe." Haɗa da duk abin da ke ɗauke da kwanan wata: saƙon da ka aika gida a lokacin, rasit ɗin magani, takardar sassauta maka atisaye, rahoton kwamanda da ya nuna aikinka ya ja baya.

5. Yaushe ya kamata in shigar da buƙata?

Babu wa'adin rufewa, ko bayan shekara 30 ana iya nema. Amma jinkiri kuɗi yake ci, saboda ariyas daga ranar fara lissafi ake ƙirga shi. Idan buƙatarka ta isa cikin shekara guda da sallama, lissafi yana komawa washegarin ranar da ka cire kaki. Idan shekarar ta wuce, yawanci daga ranar da VA ta karɓi takardarka ne.

Wanda yake cikin aiki yana da damar da ake kira BDD: ya shigar tsakanin kwana 180 zuwa 90 kafin sallama, ya miƙa fayil ɗinsa na asibitin soja, ya kasance yana nan don gwaji cikin kwana 45 da shigarwa. Wanda ya riga ya fita kuma takardunsa ba su haɗu ba, ya aika fom 21-0966 yau, wato sanarwar niyya. Tana riƙe masa ranar har shekara guda yana tara hujja. In shekarar ta cika bai miƙa cikakkiyar buƙata ba, ranar ta tafi.

6. Yaya ake shigarwa?

Fom ɗin shi ne 21-526EZ. Ana cika shi a shafin VA na intanet, ko a kai ofishin yanki, ko a aika ta gidan waya zuwa cibiyar karɓar takardu da ke Janesville a jihar Wiskonsin. Ta intanet ya fi, domin fara cikawa kaɗai yana tsayawa a matsayin sanarwar niyya, kuma kana ganin inda aka kwana.

Rubuta kowane ciwo da sunansa da ɓangarensa: gwiwar dama dabam, ta hagu dabam. VA da kanta take nemo fayil ɗin soja da na asibitocinta. Na asibitoci masu zaman kansu kuwa, ko ka kawo da hannunka ko ka ba ta izini da fom 21-4142 da 21-4142a. Idan asibitin a Kano ko Maraɗi ko Kumasi yake, kada ka jira wasiƙar VA ta isa can. Je ka karɓo kwafi mai hatimi da sa hannun likita, in da Faransanci aka rubuta ka haɗa da fassara. Kada ka aika asalin takarda.

7. An kira ni gwajin likita. Me zan tarar?

Wannan shi ne gwajin C&P, wato gwajin likita na tantance diyya, kuma sau da yawa shi ke yanke makomar buƙata. Likitan VA ne ko na kamfanin da ta ba kwangila zai duba ka. Ba zai ba ka magani ba, ba kuma shi ke yanke hukunci ba. Fom ne a gabansa yana cikewa, ma'aikacin da bai taɓa ganin ka ba shi zai karanta ya ba da kashi, wato matakin nakasarka cikin ɗari, wanda da shi ake lissafa kuɗinka.

A nan tarbiyyarmu take cutar da mu. An koya mana in an ce "ya jiki?" mu ce "da sauƙi", ko da mutum bai runtsa ba daren jiya, aikin soja kuma ya ƙara mana dauriya a kai. A ɗakin gwaji, "da sauƙi" ɗin nan ana iya rubuta ta a matsayin bayaninka. Gode wa Allah a zuciyarka, sannan ka faɗi abin da ke akwai: sau nawa ciwon ke tashi a wata, kwana nawa yake kwantar da kai, minti nawa kake iya tsayuwa, kwana nawa ka rasa a wurin aiki. In ranar gwajin ta zo da dama, ka faɗa cewa yau rana ce mai kyau, ka kwatanta mummunar. Kada ka ƙara ko ƙwayar zarra, domin ƙarya laifi ce kuma tana zubar da sauran maganarka ta gaskiya.

Ga gaɓoɓi, zai ɗora wani ma'auni mai hannu biyu kamar almakashi ya ce ka lanƙwasa. Faɗa masa daidai inda zafi ya fara, kada ka cije ka wuce. Ga dalili: lafiyayyen baya yana sunkuyawa digiri 90. Wanda ya tsaya sama da 60 zuwa 85 kashi 10 ne, sama da 30 zuwa 60 kashi 20, digiri 30 ko ƙasa kashi 40. Cijewar daƙiƙa biyar tana iya sauke ka mataki guda na tsawon shekaru. In ba za ka samu zuwa ba, kira tun da wuri a sauya rana. Rashin zuwa ba dalili yana sa a yanke hukunci da abin da ke fayil kawai, in kuma ƙari kake nema, a ƙi buƙatar gaba ɗaya.

8. Gwajin ji da Turanci ake yi. Hakan ba zai shafe ni ba?

Yana iya shafa. Gwajin kashi biyu ne: sauraron sauti, da maimaita jerin kalmomin Turanci. Ƙa'idar VA ta ce idan mai gwaji ya tabbatar a rubuce cewa gwajin kalmomin bai dace ba saboda matsalar harshe, a yi lissafi da sakamakon sauti kaɗai. Don haka ka sanar da shi tun farko cewa Turanci ba harshen uwarka ba ne. Kukan kunne shi kuma dabam ake lissafa shi, kashi 10 ne iyakarsa, ko kunne ɗaya ko biyu.

9. An ba ni 50 da 30, amma aka ce 70. Ina sauran 10?

VA ba ta tarawa kai-tsaye. Tana ɗaukar mutum a matsayin 100, ta fara da ciwo mafi girma. An cire 50, saura 50. Ciwo na biyu yana cin kashi 30 ne na abin da ya saura, wato 15. Jimla 65, sai a kai ta goma mafi kusa, kuma 5 sama take tafiya: 70. Da jimlar ta tsaya a 64, da 60 za a ba ka.

Shi ya sa hawa yake ƙara wuya a sama. Mai 90 cif, in aka ƙara masa sabon ciwo na kashi 10, ya koma 91, har yanzu 90 ke nan; sai ya kai 95 ake kiran sa 100. Akwai ɗan ƙari ga wanda ciwon ya taɓa hannu biyu ko ƙafa biyu: gwiwoyi biyu masu 10 da 10 sun haɗu 19, a ƙara kashi ɗaya cikin goma na wannan, su zama 21, sannan a haɗa da sauran. Ba a biyan alama ɗaya sau biyu da sunaye mabambanta. Kashi 0 kuma kada a raina shi, domin yana nufin an amince aikin soja ne sila. In ciwon ya tsananta, ƙari kawai za ka nema.

10. Nawa ake biya, kuma iyali suna ciki?

Ga mutum shi kaɗai, a wata, a jadawalin Disamba 2024: kashi 10 dala 175.51, kashi 30 dala 537.42, kashi 50 dala 1,102.04, kashi 70 dala 1,759.19, kashi 90 dala 2,297.96, kashi 100 dala 3,831.30.

Daga kashi 30 ake ƙara kuɗin iyali, amma sai ka sanar da fom 21-686c. Ana lissafa abokin aure, da 'ya'ya 'yan ƙasa da 18, da waɗanda ke makaranta har zuwa 23 ta fom 21-674, da iyayen da kai ke riƙe da su ta fom 21P-509, ko da a gida suke zaune. Auren da aka ɗaura a gida ana auna shi da dokar wurin da kuke zaune lokacin ɗaurin, don haka ka tanadi takardar shaidar aure daga hukuma. In an rabu, ko yaro ya bar makaranta, sanar nan take. Kuɗin da aka biya bisa kuskure bashi ne, kuma daga na gaba ake cire shi.

11. Waɗanne cututtuka ne ba a neman hujjar alaƙa a kansu?

Rukuni na farko, cututtuka masu daɗewa irin su hawan jini, ciwon suga, amosanin gaɓɓai da gyambon ciki. In sun bayyana cikin shekara guda da sallama har suka kai matakin kashi 10, kuma ka yi aƙalla kwana 90 a jere kana aiki, ana ɗauka daga soja suka samo asali. Tarin fuka shekara 3 aka ba shi. Wannan dalili ne babba na zuwa a auna jininka da suga tun a watannin farko, a samu rubutu mai kwanan wata.

Rukuni na biyu ya zo da dokar PACT, wadda aka sa wa hannu ranar 10 ga Agusta 2022 saboda hayaƙin ramukan ƙona shara a sansanoni. Ta shafi wanda ya yi aiki a Iraƙi, Kuwait, Saudiyya, Bahrain, Ƙatar, Oman, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ko Somaliya daga 2 ga Agusta 1990, da wanda ya yi a Afganistan, Jibuti, Masar, Jodan, Labanon, Siriya, Uzbekistan ko Yaman daga 11 ga Satumba 2001. Cututtukan sun haɗa da asmar da aka gano bayan aiki, daɗaɗɗen kumburin hanci da kogon hanci, cututtukan huhu da dama, da ciwon daji na ƙwaƙwalwa, ƙoda, hanji da hanyoyin numfashi. Wanda aka taɓa ƙi masa ɗaya daga cikinsu kafin dokar, ya sake nema ta hanyar farko da ke tambaya ta 16.

Nijar ba ta cikin jerin da dokar ta kawo. Wanda ya zauna a sansanin Amurka na Agadas ko na Yamai kafin janyewar 2024 bai rasa haƙƙinsa ba, amma shi sai ya bi duwatsu uku na tambaya ta 3, ya bayyana ƙura da hayaƙi da man da ya shaƙa dalla-dalla.

12. Da ciwon na shiga soja. Akwai abin da zan samu?

Ya danganta da takardar gwajin shiga. In ba a rubuta ciwon a ranar ba, doka ta ɗauke ka lafiyayye, kuma VA ce za ta kawo hujja bayyananniya cewa da shi ka zo kuma aiki bai ƙara shi ba. In an rubuta, kai za ka nuna ya tsananta lokacin aiki, sai a biya bambancin. Abu biyu da suka shafi mutanenmu: ɗaukar ƙwayar sikila kaɗai, irin ta mai AS, ba a ba ta kashi sai in akwai illar da likita ya danganta da ita kai-tsaye. Ƙurajen askin gemu na dole kuwa, waɗanda kan bar tabo a haɓa da wuya, ciwon fata ne da ake iya nema, musamman in kana da takardar da ta ɗage maka aski.

13. Ciwon da aka amince da shi ya haifar da wani. Ana lissafawa?

Ana lissafawa. Gwiwar da ta sa ka ɗingishi har ƙugu ya lalace, maganin kashe zafi da ya ci maka ciki, ciwon sugan da ya kashe jijiyoyin ƙafa, duk ana nema da fom 21-526EZ tare da ra'ayin likita irin na tambaya ta 3. Wanda aka fi ɓoyewa saboda kunya shi ne raunin mazakuta da magungunan hawan jini ko na damuwa ke jawowa. Yana da kuɗi na musamman da ake kira SMC-K, dala 136.06 a wata a jadawalin Disamba 2024, a kan abin da kake karɓa.

14. Firgici, mugayen mafarkai da saurin fushi fa? Ba na son a ce na taɓu.

Babu wanda zai ce haka, kuma rauni ne kamar kowane rauni. Addu'a da zuwa wurin likita ba sa karo da juna. Ana bayyana abin da ya faru a fom 21-0781. Wanda ya shiga faɗa, maganarsa kan abin da ya gani tana isa in ta dace da yanayin aikinsa. Wanda aka ci zarafinsa ta hanyar lalata a cikin soja, mace ko namiji, ba a tilasta masa kawo rahoton da ya kai a lokacin; ana karɓar alamu kamar neman sauyin wurin aiki kwatsam, ko faɗuwar ƙwazo, ko bayanin wanda ya gaya wa.

Matakan su ne 0, 10, 30, 50, 70 da 100, kuma ana auna yadda ciwon ya taɓa aiki da zaman iyali da mu'amala. Faɗi ainihin abin da ke faruwa: ka daina zuwa ɗaurin aure, kana zama kusa da ƙofa a masallaci, kana tashi tsakar dare duba makulli. Wanda tunanin hallaka kansa ya zo masa kada ya jira wata buƙata. A Amurka ya kira 988 ya danna 1, a gida ya gaya wa na kusa da shi a kai shi asibiti a ranar.

15. Ban kai 100 ba, amma na kasa riƙe aiki.

Nemi TDIU, wato diyyar wanda ciwo ya hana shi aiki, da fom 21-8940, a biya ka kuɗin kashi 100. Sharaɗin da aka saba shi ne ciwo ɗaya mai 60, ko jimlar 70 da ɗaya a ciki ya kai 40. Ana neman bayanin wuraren da ka yi aiki ta fom 21-4192. Ciwon da aka amince da su kaɗai ake dubawa, ba tsufa ba. Ɗan aikin da samunsa a shekara bai haura layin talauci na mutum ɗaya ba, ba ya hanawa.

16. An ƙi, ko an ba ni ƙasa da abin da ya dace. Me zan yi?

Karanta wasiƙar hukuncin har ƙarshe. Tana lissafa abubuwan da aka amince da su da wanda ya rasa, kuma wannan ne zai nuna maka hanya. Tun 19 ga Fabrairu 2019 hanyoyi uku ne. In hujja ce ta yi ƙaranci, fom 20-0995, ka haɗa da sabuwar hujja mai alaƙa da dalilin ƙin. In hujjar tana nan aka tsallake ta ko aka yi kuskuren ƙa'ida, fom 20-0996, babban ma'aikaci ya sake dubawa; ba a ƙara takarda, amma kana iya neman ya kira ka ko wakilinka a waya sau ɗaya. Ta uku, fom 10182 zuwa Hukumar Ɗaukaka Ƙara, inda alƙali zai duba, ko da zaman sauraro ko babu. Ita ce ta fi jan lokaci.

Shekara guda gare ka daga ranar da ke kan wasiƙar. Matuƙar kana ɗaukar mataki cikin kowace shekara, ranar fara lissafinka ta asali tana nan, ariyas yana taruwa. Bayan hukuncin Hukumar akwai kotun ɗaukaka ƙara ta tsofaffin sojoji, ita kuma kwana 120 ne kacal. Kuskuren da ya fi yawa shi ne sake aika tsofaffin takardu ta hanyar farko, ko zaɓar hanya ta biyu alhali wasiƙar likita ce babu.

17. Wa zai taimaka mini, kuma nawa zan biya?

Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV, VFW da American Legion, da ofisoshin tsofaffin sojoji na jihohi da gundumomi, kyauta suke yi. Ana naɗa su da fom 21-22. Lauya ko wakilin da VA ta tantance ana naɗa shi da 21-22a, kuma ba shi da izinin karɓar kuɗi kan buƙatar farko, sai bayan an yanke hukunci. Kashi 20 na ariyas shi ne ladan da ake ɗauka daidai. Abin da ya haura kashi ɗaya cikin uku ana ɗaukar sa ya wuce kima.

Ka guji masu talla a Facebook da WhatsApp da ke alƙawarin kashi 100, suna neman ninkin ƙarin da ka samu na watanni, ko kalmar sirrin shafinka. Kafin ka sa hannu, nemi sunan mutum a jerin waɗanda aka tantance a shafin VA. In babu shi, ko ɗan garinku ne, ka ba shi haƙuri.

18. Za a iya rage mini daga baya?

Ana iyawa in gwaji ya nuna sauƙi na gaske, amma sai an aiko da sanarwa: kwana 30 na neman zaman sauraro, kwana 60 na kawo hujja. Neman zaman cikin kwana 30 yana tsayar da ragin har a saurare ka. Kashin da ya shekara 5 ba a taɓa shi sai an nuna sauƙi mai ɗorewa. Bayan shekara 10 ba a soke amincewar da aka yi wa ciwon, bayan 20 ba a sauka ƙasa da matakin, sai in an kama zamba. Ci gaba da ganin likita, domin fayil ɗin da ya yi shekaru shiru ana iya karanta shi a matsayin warkewa.

19. Ina karɓar fanshon soja, ko an ba ni kuɗin sallama. Za su haɗu?

A ƙa'ida ana rage fansho daidai da abin da VA ke biya. Wanda ya yi shekara 20 kuma yake da kashi 50 ko sama yana karɓar duka biyun. Wanda rauninsa na yaƙi ne ko atisayen yaƙi ya nemi CRSC, wato diyya ta musamman ta raunin yaƙi, daga rundunarsa da fom DD 2860. Kuɗin sallama na dunƙule kuwa yawanci VA tana riƙe diyya har ta fanshe shi. Ɗan ko-ta-kwana ba ya cin albashin atisaye da diyya na rana ɗaya, sai ya bar ɗaya.

20. In na koma Najeriya, Nijar ko Gana, kuɗin zai tsaya?

Ba ya tsayawa. Abin da ke tsayar da shi wasiƙa ce da ba ta same ka ba: kiran gwaji ko neman tabbatar da iyali. Sabunta adireshi da lambar waya da imel kafin ka tashi, ka riƙa leƙa shafinka, kuma kada ka rufe asusun bankinka na Amurka sai ka ga kuɗi ya sauka a sabon. Ana shirya gwaji ga mazauna ƙasashen waje, sai dai yana iya zama a wani birni mai nisa da kai.

Don magani, yi rajista da FMP, shirin jinya na VA ga mazauna ƙasashen waje, ta fom 10-7959f-1. Yana biyan kuɗin jinyar ciwon da aka amince da su kaɗai. Kowane rasit ya nuna sunanka, sunan ciwon, abin da aka yi, kwanan wata da kuɗi, a aika tare da fom 10-7959f-2. Rasit ɗin kemis da aka rubuta "magani" kawai ba zai wuce ba.

21. In tsohon soja ya rasu, me iyalinsa za su yi?

Diyyarsa tana tsayawa, don haka a sanar da VA da wuri kada kuɗi su ci gaba da shiga su zama bashi. Matarsa da 'ya'yansa ƙanana suna iya neman DIC, wato diyyar iyalan mamaci, da fom 21P-534EZ, in ciwon da aka amince da shi ne ya yi ajalinsa ko ya taimaka, ko kuma ya shekara 10 a matakin 100 kafin rasuwar. Mafi ƙarancinsa ga mata a jadawalin Disamba 2024 dala 1,653.07 ne a wata. Iyaye suna da fom 21P-535, su ana duba samunsu. In an nema cikin shekara guda, lissafi yana komawa watan rasuwar, kuma cikin wannan shekarar ce ake iya maye gurbinsa a buƙatar da ya bari ba a gama ba, da fom 21P-0847.

In a gida ya rasu, inda akan yi jana'iza a ranar, wani daga cikin dangi ya koma asibiti ya karɓo takardar shaidar rasuwa da ta faɗi ainihin cutar da sauran cututtukan da suka taimaka. "Gajeriyar rashin lafiya" ba ta nuna wa VA komai. A haɗa ta da DD214, da wasiƙar hukunci ta ƙarshe, da takardar aure, da takardun haihuwar yara.